Lauya ya riƙe diyyar yarinya: ta yaya za a kai ƙararsa ba a tona mata asiri ba?

Gwaggon Yara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san aikin jastis. Ɗiyar ƙanena ce, yarinya ƙarama, wani babban mutum ya ɓata ta. Don Allah kar a tambaye ni unguwa ko lekol ɗin da take, ba zan faɗa ba. An yi shari'a nan Yamai, an ɗaure shi, kotu kuma ta yanke diyya. Danginsa sun biya ta hannun lauyan da muka ɗauka, amma har yau ko dala ba ta iso mu ba. Yau ya ce yana kan tafiya, gobe ya ce banki ce ta tsayar, yanzu ma ya daina ɗaukar waya. An ce in rubuta takardar koke zuwa ga shugaban lauyoyi in haɗa da kofin hukuncin. Da na sa aka karanta mini hukuncin nan jikina ya yi sanyi: ga sunanta cikakke, ga sunan uwa da uba, ga ranar haihuwa, ga unguwa, har abin da likita ya gani a jikinta an rubuta. In na miƙa takardar nan hannu nawa za ta bi? Kuɗin haƙƙinta ne, ba na so in bar masa. Amma in sai an tona mata asiri za a karɓo su, gara ya ci.

Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah shi saka ma yarinyar nan. Ni ban ga abin da kike jira ba. Ki ɗauki hoton hukuncin da hoton lauyan ki saka Facebook, kahin gobe da sahe shi da kanshi za shi kawo kuɗin har gida. Lauyoyi ne za ki kai ma ƙarar lauya? Su ne alƙalai, su ne abokanshi, tare suka yi karatu.

Malamar Lekol:
Subhanallahi, Alhaji, a saka hukuncin? Ka ji fa abin da ta ce yana ciki. Ni aji nake tsayawa kullum, na san abin da waya take yi wa yara. Takarda in ta shiga gurup ɗaya da safe, kafin a tashi rekireyasiyo ta zagaye makaranta. Na ga yarinyar da labarinta ya fita haka. Ba wanda ya zage ta a gabana, amma in ta shigo aji sai a yi tsit, wadda suke zama tebur ɗaya ta ɗauke jakarta ta koma baya. Ba ta ƙarasa shekarar ba. Shi wanda ya yi laifin zai fito daga kaso wata rana ya koma kasuwarsa, ita kuwa ranar da aka zo neman aurenta wani zai tono hoton nan.

Ɗan Adar:
Malama, to a shahe sunan da biro kahin a saka.

Malamar Lekol:
A shafe suna a bar lambar dosiye, da ranar zama, da sunan wanda aka ɗaure? Duk wanda ya san mutumin ya san yarinyar.

Metar na Wadata:
Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri, kuma ina jin kunyar abin da abokin sana'ata ya yi muku in haka abin yake. Bari in fara da shawarar Facebook. Ban da cutar da za a yi wa yarinya, ke ma kanki za ki shiga tarko. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hukunta ɓata suna ta hanyar waya da kwamfuta, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kanta. Lauyan da kike bi bashi sai ya wayi gari shi ne mai ƙara, ke ce ake tuhuma.

Hanyar koke kuwa ga yadda take. Ƙungiyar lauyoyi ɗaya ce a Nijar, ita ce Baro, shugabanta shi ne Batoniye, kuma shi ake rubuta wa. Ƙa'idar da ke tafiyar da sana'armu ita ce ta UEMOA, wato ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai lamba 05, ta ran 25 ga Satumba 2014, wadda ƙasashe 8 na ƙungiyar suke aiki da ita, ga kuma dokarmu ta gida ta 2004. Batoniye zai tambayi lauyan ba'asi. In ya ga da magana, sai a kai ta gaban majalisar lauyoyi da ke zaman ladabtarwa. Hukuncin hawa huɗu ne: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa na wani lokaci, da kora daga sana'a gaba ɗaya. Babban mai shigar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara shi ma yana da ta cewa a ciki, don haka Alhaji, ba lauyoyi kaɗai ne ke kallon abin ba.

Abin da nake so ki riƙe, Hajiya: a wannan zaman lauya ne ake tuhuma, kuma kuɗi ake tuhumarsa a kai. Tambayoyin su ne nawa kotu ta yanke, an biya ko ba a biya ba, hannun wa suka shiga, ina suke. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar takardar likita. Hukunci yana da ɓangaren labari da dalilai, yana kuma da ɓangaren ƙarshe inda alƙali ya yanke magana. Wannan na ƙarshen kawai za ki haɗa, da resin da ya ba ku, da saƙonnin da kuka yi ta waya.

Baba Girefiye:
Metar ya faɗi hanya, ni kuma bari in faɗa muku inda takarda take yoyo, don na tsufa cikin takardun kotu. Alƙali da Batoniye ba su ne sukan fitar da magana ba. Magana tana fita a shagon fotokofi. Mace ta zo da hukunci, ba ta iya Faransanci ba, ta miƙa wa yaron shago ta zauna kan benci tana jira. Shi kuwa yana jera shafi kan gilashi yana karantawa. In shafi ɗaya ya fito da duhu sai ya jefa shi kwali ya sake wani, kwalin nan kuma da marece mai ƙosai ko mai tsire ne zai saye shi. Na taɓa ganin shafin shari'a an naɗe gyaɗa a ciki. Bayan shago akwai mai rubuta wasiƙa da ke zaune bakin titi, wanda za ki ba labarin tun daga farko don ya rubuta miki koken. Sai ɗan aike, sai mai karɓar wasiƙu da ke buɗe ambulan ya buga hatimi ya rubuta a rajista.

Don haka ɗiyata, ki tsaya kan yaron fotokofi har ya gama, ki ce ya ba ki duk shafin da ya lalace. Wanda zai rubuta miki koken ya zama na cikin gida wanda ya riga ya san maganar. Ki sa cikin ambulan biyu, na ciki a manne a rubuta cewa sirri ne, Batoniye kaɗai zai buɗe. Ki kai da ƙafarki, ki karɓi shaidar sun karɓa.

Gwaggon Yara:
Baba, Allah ya saka da alheri, wallahi maganar shago ba ta taɓa zo mini ba. Metar, to a cikin koken me zan kira ta? Kuma za su ce a kawo ta su yi mata tambaya? Abin da na fi tsoro ke nan. Wancan karon da ta yi bayani gaban alƙali sai da ta daina cin abinci, dare ya yi ta farka tana kuka.

Metar na Wadata:
Ki rubuta "yarinyar da nake wakilta" ko "ƙaramar yarinya", ki ba da lambar hukuncin. Wanda ya fi dacewa ya sa hannu shi ne ubanta ko wanda doka ta ɗora wa riƙonta, ke ki raka shi. A sakin layi na farko ku roƙi abu uku ƙarara: kar a rubuta sunanta a kowace takardar da za ta fito daga wannan koke, kar a kira ta, kuma duk takardar da ta shafi lafiyarta in lauyan ya kawo a ware ta a rufe. Ba ita ta ba shi kuɗin aiki ba, ba ita ta ga lokacin da aka biya ba, babu abin da za ta shaida. Ku rubuta roƙon, kar ku tsaya ga faɗa da baki.

Wani abu kuma: zaman ladabtarwa lauya yake hukuntawa. Sau da yawa wasiƙar Batoniye kaɗai takan sa kuɗi su fito, amma in suka ƙi fitowa akwai ƙarar cin amana gaban mai shigar da ƙara, wannan hanya ce daban. In ba ku da ƙarfin ɗaukar wani lauya ku je biron ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar Disamba 2011, tana da birori a manyan kotuna.

Ɗalibar Shari'a:
Metar, barka da dare. Ina karatu a jami'ar Abdu Mumuni, ina da tambaya. Shi lauyan ai dosiyen gaba ɗaya yana hannunsa. In ya ga an matsa masa, me zai hana ya kwaso komai ya baje gaban majalisa da sunan kare kansa, ko ma ya sa a raɗa wa dangin cewa in ba su janye ba labari zai fita?

Metar na Wadata:
Ƙanwata, kin taɓo wurin da ke ciwo. Sirrin sana'a ba ya faɗuwa don lauya ya yi faɗa da wanda ya ɗauke shi aiki. Lauya yana iya buɗe abin da kare kansa ya tilasta, iyakarsa ke nan. In ana maganar ina kuɗi, ya kawo takardar banki. Rahoton likita ba ya nuna inda kuɗi suka shiga, wanda ya fito da shi ya ƙara wa kansa laifi na biyu, kuma a wurina ya fi na farko muni. Barazana kuwa, in ta zo, a adana saƙon ko muryar a kai wa Batoniye da mai shigar da ƙara ranar.

Mai Rediyo:
Ina bin muhawarar nan tun ɗazu, kuma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kowa yana cewa sirri, ambulan biyu, a rufe. Na yarda don yarinya. To amma wa ya fi cin ribar rufewar nan? Lauyan. In an dakatar da shi a ɗaki rufe, wata uwa daga Talaje ko Harobanda za ta shiga bironsa bayan ya dawo, ta miƙa masa dosiyen ɗiyarta, ba ta san komai ba. Ina tsoron a ɗauki mayafin yarinya a lulluɓe ƙato da shi. Maganar Alhaji ta Facebook ba daidai ba ce, amma fushin da ya kawo ta yana da tushe: talaka ba ya ganin ƙarshen ƙarar da ya kai.

Ɗan Adar:
Yauwa, abin da nike nuhi ke nan. Mu nan Tawa lauyoyin ma yawancinsu daga Yamai suke tahowa, su yi shari'a su koma. Wa ya san halin wani? In an kori mutum a gaya muna.

Ɗalibar Shari'a:
Akwai inda aka raba abin gida biyu. A Amurka kotunan ƙoli na jihohi da yawa suna wallafa hukuncin ladabtar da lauya, da sunansa da abin da ya yi, kowa ya karanta a intanet. Amma yaron da abin ya shafa sai a sa harufan farko na sunansa ko sunan aro. A kotunan tarayyarsu ma tun 2007 ƙa'ida ta ce takardar da za a shigar ta ɗauki harufan farko kawai in ƙaramin yaro ne. A Faransa kuma dokar ƴan jarida ta 1881, sashe na 39 bis, ta hana yaɗa duk abin da zai sa a gane yaron da aka yi wa laifi, tarar Yuro 15,000, kusan miliyan 10 ke nan na sefa. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen alkawari. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, sashe na 16 ya kare sirrin yaro da mutuncinsa, haka sashe na 10 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yaro. A 2005 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jagora na musamman kan yaran da aka zalunta da waɗanda ke ba da shaida, inda ta ce a taƙaita yawan tambayoyin da ake yi musu, a kuma tsare bayanan da za su sa a gane su.

Baba Girefiye:
Ɗiyata, karatunki ya yi kyau, amma harufan farko na garin da mutane ba su san juna ba ne. A nan ki rubuta harafi biyu, ki ce shekararta 13, ki ce ubanta direba ne a unguwa kaza, kin gama faɗin suna. ƴan fada suna shan shayi za su warware shi kafin a zuba na biyu. A gari kamar Tawa ko Konni ma ba sai an kai nan ba, watan da aka yi shari'ar kaɗai ya isa. In za a wallafa hukuncin lauya, to a rubuta shi tun farko da niyyar wallafawa: lauya wane ya karɓi diyyar da kotu ta yanke wa wani mai ƙara, ya riƙe, an dakatar da shi tsawon kaza. Kar a ce yarinya ce, kar a ce wane irin laifi aka yi mata, kar a sa lambar dosiye. Jama'a sun samu abin da suke buƙata, wato sunan wanda za su guje wa.

Kuma ku lura da wani giɓi. Dokar kotunan yara ta Nuwamba 2014 ta tanadi alƙalin yara da tsarinsa, masu aiki a wurin sun saba da taka tsantsan. Amma dosiye in ya bar can ya shiga wata ƙofa, ko ta ladabtar da lauya, ko ta inshora, ko ta neman kuɗi, sai ya faɗa hannun mutanen da ba yaro ne a gabansu ba, lissafi ne. Ba mugunta ke sa su kwafe suna ba, sabo ne.

Mai Rediyo:
Baba, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni a aikina abin da zan karanta a labarai ke nan, ba na buƙatar fiye da haka. Metar, me ya hana ku yin haka?

Metar na Wadata:
Gaskiya ita ce da yawa cikinmu suna ganin wallafa sunan abokin aiki zubar da darajar riga ne. Ni ina ganin akasin haka, rigar ta fi zubewa in mutane suka ɗauka muna rufa wa juna asiri. Amma ina da sharaɗi: sai hukunci ya tabbata, an gama ɗaukaka ƙara. Ana kai ƙarar lauyoyi da yawa don kawai mutum ya faɗi shari'a ya huce a kan lauyansa. Shi ma wanda ake tuhuma yana da haƙƙin ya san wa ke ƙararsa da abin da aka ce ya yi, don haka ba a ɓoye masa komai. Jama'ar waje ake ɓoye wa yarinya.

Malamar Lekol:
Ni akwai wanda ban ji an ambata ba. Hajiya, ita yarinyar ta san ana wannan maganar? Ba cewa nake a ɗora mata nauyi ba. Amma yaran nan suna jin komai ta bayan labule. In ta ji ana faɗin lauya, ana faɗin takarda, za ta ɗauka shari'ar ce za a sake, za a sake tsayar da ita. A zaunar da ita, mutum ɗaya da ta yarda da shi ya ce mata: kuɗinki muke nema, ba za a kira ki ba, ba za a faɗi sunanki ba. Kuma a cikin dangi a rage bakin da ke maganar. Sau da yawa ba daga jastis labari ke fita ba, daga wurin biki ne.

Gwaggon Yara:
Malama, ba ta sani ba, amma na ga tana kallonmu in mun yi shiru da ta shigo. Uwarta ce za ta gaya mata, ta fi sakewa da ita. Na gode ƙwarai.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, wasu sun bi Hajiya ta gefe suna tambayar sunan lauyan. A daina. Wanda ya san lauyan yana iya gano shari'ar. Duk wanda ya saka hoton takardar kotu mai sunan yaro a nan, ko ta wannan maganar ko ta wata, zan goge in fitar da shi.

Ɗalibar Shari'a:
Maganar mai kula da zaure ta kawo ni ga abin da ya fi wuya. Duk mun yarda a faɗi sunan lauya a ɓoye na yaro. To in lauyan ne da kansa ya cuci yaron fa, kuma yaron na gidansa ne, ko ƴar riƙo, ko ƴar aiki da aka kawo daga ƙauye? Ka faɗi sunansa da laifinsa, kowa a unguwa ya san yarinya ɗaya ce a gidan.

Mai Rediyo:
A nan ma sai a faɗi sunansa. Irin wannan ne ma ya fi cancanta a sani, don gobe wani gida zai ba shi riƙon wata.

Metar na Wadata:
A faɗi an kore shi, na yarda. A cire sunansa daga jerin lauyoyi, a sanar da kotuna, a sanar da jama'a cewa wane ba lauya ba ne daga yau. Amma dalilin a tsaya ga cewa ya aikata abin da ya saɓa wa mutunci da amanar sana'a. Irin wannan laifi ai ba a majalisar lauyoyi zai tsaya ba, kotun hukunta laifi ce za ta ɗaure shi, kuma ita ce ke da ikon raba shi da yara. Majalisa ta jira hukuncin kotu ta dogara da shi, kar ta sake kiran yarinya ta maimaita bayani gaban mutum goma masu baƙaƙen riguna waɗanda abokan wanda ya cuce ta ne.

Mai Rediyo:
Metar, "saɓa wa mutunci" ai ana faɗarsa ga wanda ya ci kuɗi ma. Uwar da za ta ba shi riƙon ɗiya ba za ta gane daga wannan kalma cewa yara yake nema ba. Ban gamsu ba.

Baba Girefiye:
Ni ma da nake tare da Metar ban ce ta biya duka ba. Amma yarinyar da ke gidan tana nan da ranta da sunanta, ita ce za ta fita ɗibar ruwa gobe a nuna ta. Waccan da kake tsoron a kai masa, ana iya kare ta ta hannun alƙalin yara da ma'aikatan kare yara da mai unguwa, waɗanda za a gaya wa dalilin a rufe. In aka ce sai an zaɓa, ni ba zan sa hannu a takardar da za ta nuna ta ba.

Mai Rediyo:
To a rubuta shi cikin ƙa'idar Baro, Baba, wa za a gaya wa, cikin kwana nawa, wa zai amsa in ba a gaya ba. In an bar shi ga hankalin wanda ke kan kujera, wani zai yi, wani ba zai yi ba. Metar, kai ke shiga taronsu.

Metar na Wadata:
Zan kai maganar, da ta wallafa hukunci da ta cire duk abin da ke nuna yaro. Ƙanwata ɗaliba, ki tattaro mini sassan da kika ambata ki turo ta gefe, Baba kuma ina so ka duba rubutun kafin in miƙa.